Yayana Kansila da Jujin Bakin Makaranta

Yayana ɗan kasuwa ne. Yadi yake sayarwa tun yana saurayi, atamfa da shadda da leshi, a rumfar da ya gada daga mahaifinmu. Ba wanda ya taɓa kallonsa ya hango ɗan siyasa. Amma wata shekara dattawan unguwa suka taru suka ce shi suke so ya tsaya musu kansila. Hujjarsu ita ce, mutumin da mace za ta sa ya warware mata turmi bayan turmi, ta tashi ba ta sayi ko ƙyalle ba, ya kuma raka ta da fatan sauka lafiya, to zai iya da jama'a. Ya yi ta zillewa, daga baya ya yarda, kuma ya ci.

A lokacin ina gida. Maigidana ya tafi ƙarin karatu, ni kuwa na dawo wurin Inna da 'ya'yana, ina koyarwa a firamaren unguwarmu, can wajen Gidan Igwai. Don haka yawancin abin da zan faɗa a idona ya faru.

Washegarin rantsarwa na fito zan tafi makaranta na tarar da takalma jere a ƙofar zaurenmu kamar bakin masallaci. Na ɗauka 'yan barka ne. Barkar suka fara yi, gaskiya, amma kowa ya gama sai ya gyara zama ya ce dama akwai wata 'yar magana. Wannan famfon layinsu ya daina kawo ruwa. Wancan ɗansa zai tafi makaranta ana neman shaidar cewa ɗan ƙaramar hukumar ne. Wasu maƙwabta biyu indararo ya haɗa su, na ɗaya yana zuba a gindin katangar ɗaya. Har da wani tsoho da ya zo ƙarar zakaran maƙwabcinsa. Yaya yana zaune a kan tabarma da sabuwar hularsa, yana cewa to, to, za a duba. Daga ranar tukunyar kunun gidanmu ta canza, aka sauke ƙarama aka ɗora ta suna.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, ɗan fari ne. A da "wancan na kasuwa" take ce masa. Da ya ci zaɓe ta mayar da shi "wancan na hukuma". Ba ta yi masa barka a gaban kowa ba, sai dai na lura ranar da kanta ta shiga madafa ta yi masa tuwon shinkafa da miyar sure, abin da ta daɗe da bar wa matarsa.

Ita ce kuma ta kawo masa ƙarar da ta fi kowace nauyi. Akwai wani juji a mararrabar da ke bakin makarantarmu. Tun ina yarinya yake nan, yana girma muna girma, har ya fi katangar makaranta tsawo. In zafin bazara ya buɗe, ajin da ke kusa da shi sai mun rufe tagogi, ga zafi ga wari, yara na fifita da littafi. A gefensa wata tsohuwa, ƙawar Inna, take toya masa kowace safiya, rabin aikinta korar ƙuda ne. Wata rana Yaya ya shigo gaishe da Inna, ta amsa tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta yi magana kamar da ni take.

"Hwaɗa ma wancan na hukuma, in har jujin ga ya fi ƙarfinai, shi aje hular shi koma rumfa."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Yana tsugune a gabanta, amma sai da na juya na maimaita masa saƙon, don haka tsarin gidan yake. Ya ce in gaya mata ya ji.

Ashe ɗauke juji ba ɗaukar tsintsiya ba ne kawai. Yaya ya bayyana mini cewa sai ya kai maganar zauren majalisar kansiloli, wani ya mara masa baya, a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya zo ya gani da ido, ya koma ya ba da shawara, sannan shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu a ba sashen ayyuka umarni. Na ce duk don shara? Ya ce ko rijiya za a yashe haka ake bi. Ya kuma roƙe ni in zo da wasu malamai ranar zaman, don a ga cewa maganar tana da masu ita.

Muka je ni da shugabar makarantarmu da wata malama. Ban taɓa shiga sakatariyar ba sai ranar. A farfajiya akwai wata tsohuwar motar gyaran hanya da aka jingine, awaki na kwance a inuwarta, ga mai fura da nono ta kafa ƙwaryarta a gindin dogon yaro, ma'aikata na kewaye da ita. Zauren majalisar bai fi ajinmu girma ba. Dogon teburi, kujeru masu lulluɓin kore, fanka na juyawa a hankali kamar tana jin nauyin mutane. Aka ba mu benci a baya.

Aka buɗe da addu'a. Akawu ya karanta abin da aka tattauna a zaman da ya wuce, wani kansila ya miƙe ya ce shi bai ce "a rushe" rumfunan bakin hanya ba, "a matsar" ya ce. Aka daɗe a kan wannan kalma har aka gyara. Aka yi maganar rigakafin yara, aka yi ta kwalbatin wata unguwa, aka yi ta masu kabu-kabu, 'yan babur ɗin haya, da ke tare ƙofar asibiti. Shugabarmu ta fara gyangyaɗi, na taɓa ta da gwiwar hannu. Ni dai abin ya burge ni. Ban san cewa kwatar da nake tsallakewa kullum akwai ɗakin da manyan mutane ke zama da manyan riguna suna musu a kanta ba.

Da aka zo kan Yaya, ya miƙe. Mutumin da in ya kira mai shayi daga rumfarsa ana jin sa a layin 'yan hatsi, ga shi yana rawar murya yana murza bakin hannun riga. Ya fara da dogon turanci, ya sarƙe, ya tsaya. Kakakin majalisar, wani dattijo mai raha, ya ce masa ya yi da Hausa, jujin ma ba ya jin turanci. Aka yi dariya, Yaya ma ya yi, daga nan bakinsa ya buɗe. Ya kwatanta jujin kamar yadda yake kwatanta shadda ga mai saye, tsawonsa da faɗinsa da yadda launinsa ke canzawa da damina. Ya nuna mu ya ce ga malaman da ke shaƙarsa kullum. Nan take aka mara masa baya, aka miƙa wa kwamitin lafiya da muhalli.

Kwamitin ya zo bayan ɗan lokaci, da hantsi, muna tsakiyar darasi. Ta taga na hango su, mutane cikin fararen kaya sun kewaye juji, kowa da hankici a hanci, shugaban duba-gari yana nuna musu da sanda. Tsohuwa mai masa ba ta bar damar ta wuce ba. Ta zuba musu masa mai zafi a faranti ta ce su ci a nan inda suke tsaye, su ji yadda masu sayenta ke ji. Suka ci kuwa, suna kore ƙuda da hannun hagu.

Matsalar da ta taso ita ce inda za a kai shi. Duk wurin da aka ambata, kansilan wurin sai ya ce a kai kasuwa. Yaya ya dawo gida ranar jiki a sanyaye. Amma a zama na gaba, wanda ban je ba, labari ya juya. Shi ya ba mu da bakinsa bayan la'asar, yana dariya har yana riƙe ciki.

Akwai kansiloli biyu da mazaɓunsu ke bakin gari, wajen fadama, yawancin mutanensu manoma ne. Ɗaya daga cikinsu yana cikin kwamitin, kuma ranar da suka zo duba jujin ya sa ƙafa ya tona gindinsa, ya ga ƙasar baƙa wuluk, ta ruɓe ta yi laushi. Bai ce wa kowa komai ba. Sai a zaman ya miƙe da fuskar tausayi ya ce, tunda kowa ya ƙi, shi zai sadaukar, a kai mazaɓarsa. Ɗayan, wanda shi ma ɗan manoma ne, ya tsura masa ido, sai ya gane. Ya yi zumbur ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, wanga ba sadaukarwa ba ta, taki na shika so! In rabo za a yi, mu ma muna da gonaki."

Jujin da aka rasa mai karɓa, sai ga shi ana ɗaga murya a kansa. Wannan ya ce shi ya fara nema, wancan ya ce gonakin geron mutanensa sun fi gajiya. Kakaki ya yi ta buga teburi. A ƙarshe aka yanke cewa a raba biyu, tifa ɗaya ta yi gabas, ta gaba ta yi yamma, kuma shugaban duba-gari ya tsaya ya ga an yi adalci. Manoman suka kafa sharaɗi guda, ba sa son leda da kwalabe a gonakinsu.

Wannan sharaɗi ne ya fito da unguwa gaba ɗaya ranar Asabar ɗin tsabtace gari. Mai unguwa ya sa aka yi shela a masallatai. Maza suka zo da shebur da manjagara, 'yan gwangwan suka zo da buhunansu suna tsince ƙarfe da roba, mu mata muka ɗaure hanci da gefen mayafi muna ware leda. Abubuwan da suka fito daga cikin jujin nan sun isa a buɗe shago. Wani magidanci ya tsinci murfin tukunyar da ya rantse ta uwarsa ce. Shugabarmu ta gane ƙafar wata kujerar makaranta da ta ɓata tun kafin a kawo ita shugabar makarantar. Manoman ba su jira tifa kaɗai ba, wasu da jakuna suka zo, wasu da amalanke, kuma kowane ɓangare yana sa ido a kan lodin ɗayan. Yaya ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofar makaranta, ya kama shebur, kafin azahar ba ka bambanta shi da direban tifa.

Inna ba ta fito ba, amma ta aiko da kunun zaƙi a manyan robobi. Da yamma da muka koma, ta tambaye ni ko an ga ƙasa. Na ce an gani, ja ce ma. Ta ce ita da aka kawo ta unguwar tana amarya, a wurin ake shanyar dawa.

Aikin bai ƙare ranar ba, sai da aka sake fitowa. Da wurin ya zama fili kuma sabuwar magana ta tashi, don kowa ya san in aka bar shi haka, kafin wata ya zagayo wani zai fara zuba toka da dare ya kira abokai. Masu agwagwa da buje, wato keken haya mai ƙafa uku, suka ce a ba su wurin su riƙa tsayawa. Samari suka ce filin ƙwallo. Mu malamai muka ce a bar wa yara wurin jiran iyaye. Zaurenmu ya sake cika, maganar ta sake komawa majalisa, kwamiti ya sake zuwa, wannan karon ba hankici. Aka tsayar cewa a dasa itatuwa, a yi benci na siminti, a ajiye babbar tankar shara can gefe wadda mota za ta riƙa kwashewa, masu agwagwa da buje kuma su tsaya daga bakin titi. Tsohuwa mai masa aka kafa mata rumfar kwano, ita kuma ba wanda ya naɗa ta, ta zama mai gadin wurin. Duk wanda ya doso da kwandon shara ya kauce wa tanka, tun daga nesa za ta kira shi da sunan uwarsa.

'Yan ajina su suka riƙa ba itatuwan ruwa, kowane layi da bishiyarsa. Awaki sun cinye wasu, muka sake dasawa muka kewaye da ƙaya. Waɗanda suka tsira yanzu sun yi inuwar da har masu sayar da rake ke fakewa.

Yaya ya gama wa'adinsa bai sake nema ba. Ya ce rumfa na kewarsa, kuma yana so ya riƙa karyawa da iyalinsa. Ba duk abin da aka kawo masa ya iya ba, famfon wani layin har ya sauka bai zo da ruwa ba, kuma yakan ambace shi da damuwa. Amma mutane ba su daina zuwa ba, wurin zuwan kawai suka canza. Kwanan baya na biya kasuwa in ɗauki atamfar bikin ƙanwar maigidana, na tarar da wata mata zaune a bencinsa tana ba shi labarin fitilar layinsu da ta mutu, tun daga ranar da ta fara ƙyaftawa. Ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya tuna mata a hankali cewa ai shi yanzu ba kansila ba ne.

"Na sani," in ji ta. "Can wurin sabon kansila ma zan tahi. Na dai biyo in hwara gwada maganar a nan, in ji ko ta yi daɗi."

Ya ce ta yi, sai dai ta rage tsawon farkon, kuma ta je da maƙwabta ko biyu ne don a ga maganar tana da masu ita. Ta yi godiya ta tashi. Ni kuma ya jawo mini turamen da suka shigo sababbi, muka shiga zaɓe.