Yashin Bakin Murfi

Abin da ya fara ɗaukar idona a ɗakinmu na unguwar Setapak, can ƙasar waje inda muka je karatu, wani farin gajimare ne a fuskar kwamfutar maigidana. Sati biyu ke nan da zuwana, kaina cike da littattafan soyayya, ina jiran ranar da zai kai ni cikin furanni. Na ce masa ban taɓa ganin gajimare mai kyau haka ba.

Ya yi dariya, ya ce tururi ne. A masana'anta ana gasa kwal har ya yi ja, a samu irin wanda ake narka ƙarfe da shi, sai a sheƙa masa ruwa ya huce. Wannan farin abin da na yaba yana ɗauke da ƙura da warin kibiritu, yana sauka a ƙirjin maƙwabta. Binciken digirinsa shi ne a sanyaya kwal ɗin da iskar naitirojin a rufaffen akwati, ba ruwa, ba tururi, zafin ma a tare shi a yi amfani da shi.

Akwatin nan ya hana mu sakat. Duk robar da ya sa a bakin murfin sai zafi ya cinye ta, iska ta shiga, kwal ya zama toka. Malaminsa ya ce saura gwaji ɗaya, in bai yi ba, a rufe aikin, mu koma gida ba digiri. Ko mamak muka je, wato gidan abincin unguwa, shayinsa kawai yake juyawa.

Wata Asabar na gasa mana kifin da na sayo a kasuwar Kampung Baru. Da na gama, na kwashe garwashin a tukunya, na rufe, na bi bakin murfin da yashi don kada iska ta shiga, yadda kakata take yi. Ita ba ta zuba wa gawayi ruwa, cewa take ruwa karya shi yake.

Maigidana ya ajiye cokali.

"Amarya, buɗe ki sake yi in gani."

"Malam, kifin fa zai huce."

"Bar shi ya huce. Yashi ba ya ƙonewa."

Ranar Litinin ya sa aka yi wa bakin akwatin kwari a kewaye, aka cika shi da yashi, murfi ya nutse ciki. Da la'asar ya shigo da hanci baƙi ƙirin, ya miƙo min dunƙulen kwal mai launin azurfa, ya ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙarfe. A littattafaina fure ake miƙawa. Na karɓa da hannu biyu, na naɗe a gyalen da ya saya min a kantunan Jalan Masjid India.

Ya kare digirinsa lafiya. Yau shekara da shekaru yana koyarwa a Arewa, furfura ta fito, ɗalibai na ce masa Farfesa. Har yanzu duk sabon aji da tukunyata yake shiga ranar farko, da ƙullin yashi a aljihu.