Yadda Na Kai Surukina Ganin Teku

Rurum zuwa Kibiya

Ana kiran assalatu ranar Laraba na turo babur daga zaure, jakata ɗaure a baya, na kama hanyar Kibiya don in ɗauko surukina.

Sunana Habibu, taki da irin shuka nake sayarwa a Rurum. A shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu, kamfanin da nake sarin taki a wurinsa ya yi wa dillalansa kyauta. Kowa ya zo da mutum ɗaya, a haɗu a Legas, a shiga jirgin ruwa na shaƙatawa, ya fita da mu cikin teku na 'yan kwanaki ya dawo. Jirgi da abincin cikinsa nasu ne, amma zuwa Legas da wurin kwana, kowa ya san yadda zai yi. Jirgi zai tashi ranar Asabar da hantsi, kuma ba ya jiran kowa.

Da matata Rakiya na shirya zuwa. Sai haihuwa ta zo mata da wuri, ta shiga wankan jego. Ita ce ta ce, "To ka tafi da Malam mana. Tun muna yara yake karantar da hukuncin ruwan teku, amma bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba."

Na ce, "Wane Malam?"

Ta ce, "Malam nawa gare ni? Babana."

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da mutumin nan ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na je gaisuwa, tun daga waje nake tuɓe takalmi in tsuguna a bakin zaure. Kafin in samo dabarar zamewa, Rakiya ta riga ta aika Kibiya. Amsa ta dawo cewa Malam ya sa albarka, har ya ba da wankin rawani.

Sai na zauna na tsara tafiyar yadda kunya ba za ta kashe ni ba. A mota, shi gaba ni can baya. Abinci, in kai masa nasa in ɓace. Masauki, ɗaki biyu. Maganar masaukin tana hannun Ɗan'azumi, wani abokina mutumin Madachi da ke sayar da tsire a Apapa, unguwar da tashar jiragen ruwa take. Tun farko ya hana ni sauka Agege wurin 'yan'uwa, ya ce cunkoson motoci zai iya sa jirgi ya tashi muna kan gada. Da abokin tafiya ya canza, na hau wani dutse a Rano inda ake samun sabis, na ɗaga murya a waya: "Ɗaki biyu za ka kama! Biyu!" Ya ce ya ji, biyu. Waya ta katse.

Na tarar da Malam a ƙofar gida, manyan ɗalibansa sun kewaye shi. Kayansa buta ne da buzu da jakar tufafi, sai wata jarka wadda ba komai a ciki. Motar da aka ce za ta kai shi Rano ba ta tashi ba, dole ya hau bayana. Ni na matsa har kan tanki, shi ya matsa har kan kariya. Da wani ya tsayar da mu, da ya samu wurin zama a tsakani.

Kwanar Dangora zuwa Mokwa

Na bar babur a Rano, muka shiga mota muka fita Kwanar Dangora rana ta ɗaga. Motar Kaduna saura mutum biyu, kuma kujerar gaba ce. Direba ya ce, "Malam, kai da ɗanka ku shiga nan." Na buɗe baki zan yi bayani, Malam ya riga ya shiga. Haka muka matsu, kafaɗata a kan tasa, ina riƙe numfashi.

Ba mu yi nisa ba masu binciken motocin giya suka tsayar da mu, don lokacin an ƙaddamar da shari'a ba da daɗewa ba. Ɗaya ya buɗe but, ya ɗago jarkar nan, ya sunsuna.

"Ta waye wannan?"

Malam ya ce, "Tawa ce."

"Allah gafarta Malam, me ake zubawa a ciki?"

"Teku za mu ɗebo."

Mutumin ya dubi Malam, ya dubi rawani, ya mayar da jarka a hankali ya ce Allah ya tsare hanya.

A Zariya na saya wa Malam dafaffen ƙwai da burodi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, madalla," ya ɗora a cinya. Bai ci ba. Mutanen baya suna ta gardamar wanda zai ci zaɓen ciyaman, suna ɓare gyaɗa, ni kuwa ba abin da nake ji sai ƙanshin ƙwan nan. A raina na ce, lallai Malam azumin nafila yake yi.

A Kaduna muka canza mota, muka bi ta Birnin Gwari da Tegina, muka iso Mokwa bayan magariba. Wani dattijo Bahaushe mai ɗakunan baƙi a bayan tasha ya ba Malam ɗaki, ni na ce rumfa ta ishe ni. Na kai wa Malam tuwon shinkafa da miyar kifi, na tsaya a bakin ƙofa ko zai buƙaci wani abu. Da na ga shiru, na zagaya bayan wata tirela da guntun burodi. Ina kai shi baki na ji gyaran muryarsa, ya fito alwala. Na cusa burodi a aljihu. Da safe na ga wani direba yana suɗe kwanon tuwon, ya ce Malam ne ya ba shi sadaka.

Jebba zuwa Legas

Da hantsin Alhamis muka hau gadar Jebba. Malam ya leƙa taga, ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya yi mini magana ta farko da ba gaisuwa ba.

"Malam Habibu, shi ne wannan?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam, wannan kogin Kwara ne."

Ya ce, "Kogi." Ya koma ya jingina. Can ya ƙara cewa, "Ashe jarkar ta yi kaɗan."

Ilori, Ogbomosho, Ibadan, duk na gan su kamar a mafarki. Ko'ina aka tsaya mata na turo ayaba da soyayyar doya ta taga, ina kau da kai. Ruwa kawai nake kurɓa in an sauka salla, shi ma sai na juya baya. Muka shiga Legas da la'asar, amma sai da aka yi isha muka kai Apapa, don a kan wata gada kaɗai mun tsaya har direba ya kashe mota ya sayi jarida. A nan na gode wa Ɗan'azumi da ya hana mu Agege.

Masaukin Apapa

Godiyar ba ta daɗe ba. Ɗan'azumi ya tare mu da fara'a, yana leƙen bayana yana neman Rakiya. Da ya ga Malam sai ya zube ya yi gaisuwa, ya ja ni gefe.

"Ina mai ɗakin naka?"

Na ce, "Ta haihu. Mahaifinta ne wannan. Ina ɗaki biyun?"

"Wane ɗaki biyu? Kwana biyu ka ce."

Muka roƙi mai masauki, ya ce ko lungu babu, dillalan taki sun cika gidan. Aka buɗe mana namu. Ɗan'azumi ya yi ƙoƙari, ba laifi: gado ƙato guda ɗaya, zanin gado ja, furannin roba, da madubi tun daga bango har bango. Malam ya ƙare wa ɗaki kallo, ya ce masha Allah, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa ta gefen dama. Na ce ya hau gado, ya ce bayansa ya saba da ƙasa. Ni kuwa ina zan hau gado surukina na ƙasa? Na shimfiɗa babbar rigata ta gefen hagu. Jarka ce ta kwana a kan katifa.

Juma'a

Da muka idar da sallar asuba, yunwa ta kai mini iya wuya. Malam ya ce zai zauna a masallaci ya yi wuridi, kada in jira shi. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na bi wani lungu nesa da masallacin, na ga rumfar wata Bayarabiya mai abinci, ciki da duhu-duhu da hayaƙi. Na zauna, na nuna tukunyar shinkafa da wake, na ɗaga mata yatsu biyu.

Na kai loma ta uku ke nan sai na ji wata murya a bencin bayana tana cewa, "Ƙara miya, baiwar Allah. Miya. Ƙara."

Na san muryar nan. Ita ta ɗaura mini aure.

Na juya a hankali. Malam ne, ya tura rawani baya, ya naɗe hannun riga, ga kwano biyu a gabansa an share su tas, yana kan na uku. Muka haɗa ido. Lomar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na fara neman inda zan tsuguna, babu wuri sai cikin bokitin wanke-wanke.

Malam ya haɗiye tasa, ya ce, "Malam Habibu, ka ce ta sa maka ganda. Ta fi naman laushi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ɗauka azumi kake yi."

"Azumin da ba niyya? Tun daga Kibiya nake jiran ka ɓace ka daɗe. Kai kuma in ka ajiye kwano sai ka tsaya a bakin ƙofa kana gadina. A Mokwa na fito in nemi lungu, na tarar ka riga ni." Ya matsa gefe ya buga benci da hannu. "Zo nan. Allah da kansa ya rage wa matafiyi raka'o'in salla. Kunya ba ta fi salla ba. Mu yi mata kasaru har mu koma gida."

Na dawo kusa da shi da kwanona. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ci. Matar ta tsaya tana kallonmu, ta faɗi wata magana da Yarabanci, duk rumfar aka yi dariya. Malam ya ce ko me ta ce, gaskiyarta ne.

Bayan sallar Juma'a Ɗan'azumi ya raka mu muka taka da ƙafa har ƙofar tashar, don mu san hanya tun kafin gobe. A daren nan Malam ya hau gado, ya ce bayansa ya canza shawara.

Asabar, cikin jirgi

Gari ya waye da ruwan sama, titi ya cushe, ba motar da ke motsi. Mu dai muka naɗe ƙafar wando muka taka. Wasu dillalai da suka sauka Agege sai a kan acaɓa suka iso, a jiƙe sharkaf, wani ma ya zo ana janye tsani, yana ɗaga hannu a bakin ruwa.

A ƙofar shiga wata ma'aikaciyar kamfani, 'yar Arewa, ta duba sunana ta ce, "Habibu Rurum da madam. Ina madam ɗin?"

Malam ya matso ya ce, "Ni ne wakilinta."

Ta dubi gemunsa, ta cije leɓe, ta je ta yi magana da babbansu. Na tsaya ina tunanin da wane ido zan kalli Rakiya in na kawo mahaifinta har bakin jirgi aka mayar da shi. Can ta dawo ta ce ofishin Kano sun sanar da canjin, mu shiga.

Jirgin ya fi duk wani gini da na sani a Rano tsawo. Ya yi ƙugi, muka bar gidaje da gadoji a baya, ruwa ya canza daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi, har ƙasa ta ɓace. Malam ya kama ƙarfen gefe ya tsaya. Na ga leɓensa na motsi, hawaye na bin gemunsa. Da ya juyo ya ce, "Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane hukuncinsa, ashe ban san da wa nake magana ba. Allah ya yi maka albarka, Habibu."

Ranar ce ya fara kiran sunana babu Malam a gaba.

Sauran labarin teku sai dai ku tambaye shi, don ni ban gan shi sosai ba. Jirgi na fara lilo cikina ya juya. Kusan duk tafiyar a kwance na yi ta, Malam na riƙe mini buta, yana jiƙa rawaninsa yana ɗora mini a goshi. Shi kuwa ko gezau. Ya yi abota da masu tuƙi don su riƙa nuna masa alƙibla duk lokacin da jirgi ya juya, ya sa wani ya cika masa jarka da guga, kuma kullum yana karɓo abincin mutum biyu. Nawa, in ji shi, bai kamata a bar shi ya lalace ba.

Komowa gida

Da muka sauka muka kwana wurin Ɗan'azumi, washegari muka shiga doguwar bas ta Arewa. A hanya muka ci rake, muka ci tsire a takarda ɗaya, ya ba ni labarin ƙuruciyar Rakiya da ban taɓa ji ba. Amma da muka hango duwatsun Rano, sai na ga ya gyara zaman rawani, ya tattara rigarsa daga jikin tawa. Ya ce, "Malam Habibu, mun shigo gari." Na gane. Kasaru ta ƙare.

A Kibiya jama'a suka taru, na tuɓe takalmi tun daga waje na tsuguna a bakin zaure kamar kullum. Aka aiko da tuwon dawa da miyar kuka daga cikin gida, aka ajiye a gabana. Na sunkuyar da kai, na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Malam ya tashi, ya ce wa mutane su zo waje ya ba su labari, nan ciki da zafi. Da kowa ya fita, ya saki asabari, ya tsaya ta waje. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka cinye. Na san cikinka."

Na cinye.

Na iso Rurum ana kiran magariba, na tarar da mai jego da jaririya lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Ɗan'azumi, ko da yake har yau yana rantsuwa kwana biyu na ce. Na kuma gode wa baiwar Allah mai rumfar abinci a Apapa, wadda ban san sunanta ba. Allah ya ƙara mata kasuwa.