Tuwon da Maza Suka Ji Tsoron Cinyewa

Tun ranar da aka kawo ni Mandera daga Bodinga nake fargabar abu ɗaya: ranar da za a ce in yi tuwon gayya. A garin nan ba a tambayar mace ko ta iya girki, kwano ake kallo. In ya dawo daga wurin maza a suɗe, magana ta ƙare. In ya dawo da saura, kafin la'asar labari ya isa bakin rijiya, kuma har ki yi jika ana tuna miki. Ga shi dama 'yar birni suke ce mini, wai taliya kawai muka iya. Bodinga fa!

Shekara biyu uwar mijina, Inna, ita ke riƙe da muciya. Shekarar da ɗiyata ta fara rarrafe kafaɗa ta kama Inna, ga katangarmu tana son yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ta dube ni ta ce, "Bana ke ad da tukunya."

Ana saura mako guda a yi gayyar sai wani saƙon murya ya shigo wayoyin mutane, wai a wata ƙasar Turawa gwamnati ta ƙyale shan wiwi, ana sayensa a shago kamar goro. Kafin labarin ya bi 'yan kabu-kabu daga Shagari ya zagaya Kajiji ya iso mana, ƙasar Turawan ta faɗi a hanya. Abin da ya rage shi ne "an halatta."

Malamin asibitinmu, bawan Allah, ya tsaya ƙofar masallaci bayan Juma'a don ya gyara zancen. Maigidana ya ce mutumin ya faɗa har sau uku cewa ba ƙasarmu ba ce, a nan laifi ne kamar kullum. Sai wani ya tambaye shi yadda ake gane mai sha. Ya ce jan ido, dariya ba dalili, da yawan ci. To wannan ɗin kowa ya riƙe.

Garin ya koma kamar gidan makoki. 'Yan kabu-kabu, da iska ke jajanta musu ido, suka sayi baƙin tabarau, kwana biyu aka ce ai mai tabarau shi ne babban abin zargi, suka tuɓe. Maigidana, mutumin da ko akuya ta yi atishawa sai ya yi dariya, ya riƙa shigowa fuska a ɗaure kamar mai ciwon haƙori. Duk na ga wannan, amma ban taɓa kawo wa raina zai shafi tukunyata ba.

Ranar gayya na tankaɗe garin gero sau biyu. Na tuƙa har hannuna ya mutu, ko gudaji ɗaya babu. Miyar kuka ta ji daddawa, na malala man shanu. Maigidana ya kwashi kwanoni zuwa gindin dogonyaro, ni kuma na goya ɗiyata na liƙa ido a ɓular zana.

Maza goma sha wani abu, tun hantsi suke cuɗa laka, suka kewaye kwanoni. Kowa ya gutsiri loma kamar mai ba jinjiri. Akwai maƙwabcinmu mai jakuna, ƙato, wanda a sunan ɗiyata ya tashi da kwanon mutum huɗu shi kaɗai. Loma biyu ya yi ya janye hannu.

"Alhamdu lillahi. Ni dama ban cika ci ba."

"Kai ɗin?" in ji wani. Dariya ta taso masa, ya tuna, ya mai da ita tari.

Kwanoni suka zauna kusan yadda aka kai su. Na riga na ji muryoyin matan bakin rijiya a kunnena. Na koma madafa na ɗanɗani miyar, na sake ɗanɗana, har na daina jin ɗanɗanon komai. Inna ta lasa ta ce, "Miya ba ta da laihi." Amma Inna mai kara ce, ko toka na dafa haka za ta ce.

Na koma ɓular zana da hawayena. A nan na lura da abin da ban gani ba da farko. Mai jakuna idonsa na kan kwanon, maƙogwaronsa sai hawa da sauka yake yi. Wani ya faki ido ya lashi ɗan yatsa ta ƙarƙashin hannun riga. Wanda tuwo bai yi masa daɗi ba ai ba ya haka.

Na nufi zaure, inda kakan maigidana ke zaune yana tufkar igiya. Shi abokin wasana ne, amarya yake ce mini.

"Amarya, mi as same ki? Ko kin gane ni na hi mijin naki kyau?"

"Tsoho, bar wasa. Sun ƙi cin tuwona. Tsoro suke ji a ce suna shan abin nan."

Ya yi dariya har igiyar ta suɓuce masa. Rabon da in ji dariya a gidan nan mako guda ke nan. Ya ɗauki sandarsa ya dogara zuwa gindin dogonyaro, ya zauna, ya jawo kwano gabansa ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ni dai abin da nij ji," ya ce, yana yankar loma, "mai shan abin ga wayo gare shi. Ya san ana kallon cinai. Shi ya sa in an aza abinci, shi ka fara cewa ya ƙoshi."

Ido ya koma kan mai jakuna.

"Wa ya ce na ƙoshi? Hutawa nike!"

Ban taɓa ganin hannuwa sun yi sauri haka ba. Wani har da ɗaga murya, "A ƙaro miya!" don kowa ya shaida. Mai jakuna ya aiko a kankaro masa ƙanzo. Kwanoni suka dawo kamar an wanke, Inna ta jera su a tsakar gida inda duk mai shigowa za ta gani. A bakin rijiya aka ce 'yar Bodinga ta fitar da kanta kunya.

Sai dai ni raina bai kwanta ba. Da farko tsoro ya hana su ci, daga baya tsoro ya sa su ci. To ina daɗin tuwon ya shiga? Na tambayi maigidana, ya ce ya yi daɗi, amma shi ko dutse na dafa haka zai ce. Na tambayi tsoho, ya ce shi harshensa ya mutu tun kafin a haifi uwata.

Zancen wiwi ya daɗe da wucewa, mutane sun koma dariyarsu. Ni ce dai har yau ban sani ba. Don Allah, in hanya ta biyo da ku Mandera, ku tambayi gidan 'yar Bodinga. Zan tuƙa muku, ba mai kallon hannunku. Ku ci, ku gaya mini gaskiya.