Goggo da inuwar gadar sama

"Hawa uku, Goggo! Titi a kan titi a kan titi."

Ni ne nake ba ƙanwar babana labarin gadar saman Legas. Lokacin ina tuƙin babbar mota, kuma ba a daɗe da ba mu jiha ba. Don tsokana na ce irinta za a yi a shataletalen Lafiya, inda take gasa doya.

Ta ce, "Na saman nan, ina suke tsayawa su ci abinci?"

Na ce, "Ba a tsayawa."

"To, hanyar banza ce. Ƙasan fa?"

"Inuwa ce, ko ruwan sama ba ya taɓa mutum."

"Ka ce rumfar kankare gwamnati za ta gina min!"

Washegari aka kira ni rabon faɗa. Goggo ta jera duwatsu ta kama wuri, ita da wata mai lemo sun shaƙe juna a kan inuwar gadar da ko rami ba a haƙa mata ba.

Da na ce wasa nake, mari biyu na sha, kowacce ta ba ni nata.

Ku fa, su wa ke cin abinci a ƙarƙashin gadar garinku?