Sailuba da Wayar Mamaci

Duk wanda ya san Bagudo ya san Malama Sailuba. Ita ce doguwar matar nan da ke koyar da 'yan firamare, ranar kasuwa kuma ta hau kabu-kabu zuwa Lolo, bakin iyaka, ta saro atamfa a hannun mutanen Benin. Haifaffiyar Bahindi ce, ɗiyar manomin shinkafa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wayoyi biyu take yawo da su a jaka, ɗaya tata, ɗaya ta mamaci.

Mijinta Albashir malami ne a wata kwaleji, binciken kifin gulbin Kwara yake yi. Mutumin kirki, amma fa akwai taurin kai! Abokan aikinsa suna da wata al'ada da suke kira adashin suna: kowa ya rubuta maƙala sai ya jera sunayen sauran, mujalla ta buga, kowa ya samu abin nunawa lokacin ƙarin girma. Albashir ya ƙi shiga. "Wanda bai jiƙa ƙafarsa a gulbi ba, ba zai hau takardata ba," in ji shi. Waɗanda ya koyar suka wuce shi a muƙami, ko a jikinsa. Editocin mujallu dai sun san shi, in suka ga sunansa a kan aiki, to an yi aikin.

Sailuba ke buga masa rubuce-rubucensa a kwamfuta. Saboda kunya irin ta matan gida, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Baban Fatiha. Ko a kwamfutar ma, in ta iso layin suna sai ta tura masa ya buga da kansa, yana ta yi mata dariya.

Wata damina kwalekwale ya kife da shi. Amininsa kuma abokin aikinsa, Bunyaminu, bai bar bakin gulbi ba sai da aka tsamo gawar, shi ne kuma ya yi masa wanka. Wayar ta tsira ne don ya bar ta a gida saboda tsoron ruwa. Sailuba ta ci gaba da yi mata caji, don muryarsa tana ciki.

Bayan ta fita takaba, tana tsakar ciniki a Lolo, sai wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga wata mujalla, ana taya Albashir murna an buga sabuwar maƙalarsa. Ta ɗauka tsohon aiki ne ya fito, ta yi kukanta, har ta yi masa sadakar waina. Da wani saƙon ya sake zuwa bayan shekara, sai ta buɗe ta karanta. Innalillahi! Wai an auna kifin ne a daminar da ta wuce, lokacin da ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa. Ga sunan Bunyaminu a farko, nasa yana biye. Ta rantse har ƙarnin gulbi ta ji a ɗakin.

Da Bunyaminu ya kawo musu shinkafar Sallah kamar yadda ya saba, ta ajiye masa ruwa, ta ajiye wayar kusa da kofin.

"Malam Bunyaminu, yaushe Baban Fatiha ya koma aiki?"

Ya duba, ya yi murmushin yaƙe. "Haba Maman Fatiha, ai karramawa ce. Sunansa nake rayawa."

"To kun je gulbin?"

Ya yi ta juya kofi. Can ya ce, "In babu sunansa sai editoci su yi ta tambayoyi. Don Allah ki rufa mini asiri. In maganar nan ta fita, aikina ya ƙare."

Ta rufa masa. Wa zai tona mutumin da ya wanke gawar mijinta? Kuma in za a faɗi gaskiya, ba don Bunyaminu kaɗai ta yi shiru ba. Duk sanda wayar ta yi ƙara gabanta yakan faɗi, amma akwai daɗi a cikin faɗuwar. Akwai wani wuri a duniya da har yanzu ake ɗauka mijinta yana raye, yana tsaye cikin ruwa da wando a naɗe. Tana tsoron saƙonnin, tana kuma jiransu.

Rannan da hantsi, tana fita daga aji, sai aka kira wayar. Wata ɗaliba ce mai neman digiri daga can cikin Benin, da Hausarta mai gargada.

"Malam Albashir nake nema. Na ɗora bincikena a kan alƙalumansa, don malamina ya ce shi ba ya ƙarya. Amma na je gulbin, abin da na gani daban ne. Ko dai ni ce na yi kuskure?"

"Ba ke ba ce, 'yar'uwa," in ji Sailuba. Mutumin da ya haƙura da muƙami don kada a ce ya yi ƙarya, ga shi ana yin ƙarya da bakinsa yana kwance ba ya iya musu. A ranar ta tura wa mujallun saƙo tare da shaidar rasuwarsa.

Wata edita ta kira ta. Ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce ƙa'ida ce, sai ta faɗi cikakken sunan marigayin da bakinta.

Sailuba ta riƙe bango. Shekaru tana aurensa, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Albashir," ta ce. "Albashir Atiku."

Aka janye maƙalun duka, aka rubuta dalili a fili. Bunyaminu bai sake taka ƙofar gidan ba, in sun haɗu a kasuwa sai ya canza hanya. Wasu suka ce ta yi butulci.

Har yau tana zuwa Lolo, har yau tana yi wa wayar caji. In jaka ta ɗan motsa a bayan kabu-kabu, sai hannunta ya kai ciki da sauri kafin ta tuna. Wayar ba ta sake yin ƙara ba.