Yatsu Biyu na Mijin Yaya

Mijin yayata ba ya yarda da abin da bai murza tsakanin yatsunsa biyu ba. Shi ya sa a bayan idonsa nake ce masa Mai Yatsa. A gabansa kuwa Oga Direba, kamar yadda kowa ke kiransa, don ya yi shekaru yana jan tirela kafin ciwon baya ya sauke shi. Tun da ya sauka bai sake kama wata sana'a ba, sai zaman benci a ƙofar gida yana gaya wa mutane abin da ke damun motocinsu ba tare da an tambaye shi ba. Mota ta wuce, ya karkata kunne, ya taɓe baki, ya ce wannan ba za ta ga baɗi ba. Baɗi ta zo, motar ta sake wucewa lafiya lau, ya ce ai an canza mata inji ne.

Yaya ungozoma ce. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a tsaye a ɗakin haihuwa har gwiwoyinta suka cinye, kuma duk tsawon shekarun nan, ga miji direba, a bakin titi take jiran motar haya. Da ta yi ritaya sai ta ba kowa mamaki, ta sayi ƙaramar jif ruwan toka, ta hannu amma tsaf da ita, ta koyi tuƙi da furfura a kanta. Ba don gayu ta saya ba. Innarmu tana can wani gari, ta tsufa, ga hawan jini, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakinta ba. Burin Yaya shi ne duk mako ta je ta auna ta, ta jera mata magani, ta gyara mata shimfiɗa, ta dawo, ba tare da an cusa ta a kujerar baya an lanƙwashe mata gwiwa ba.

Ina wurin ranar da aka kawo motar. Dillalin ya buɗe bonet ya nuna wa Yaya wani ɗan ƙarfe mai kama da dodon koɗi, ya ce shi ne turbo, shi ke ba ƙaramin injin ƙarfin babba. Ya ce hayaƙin inji ke juya shi, da gudu da zafin da ba a magana, kuma baƙin mai ne kaɗai ke hana shi ƙonewa. Don haka mai mara kauri take sha, lambarsa na nan rubuce a murfi. Filta, wato matatar mai, sabuwa duk juyen mai. Juye kuma duk kilomita dubu biyar ko wata shida, wanda ya riga zuwa. In ta yi doguwar tafiya ta bar ta a silo, a tsaye inji na aiki, ta ɗan huce kafin ta kashe. Yaya, wadda ta saba da ƙa'idar magani, ji ɗaya ta yi masa. Mai Yatsa kuwa yana can yana zagaya motar yana shurin tayoyi.

Dillali na juya baya ya zaro geji, tsinken auna mai, ya shafo da babban yatsa da manuni, ya murza, ya ɗaga wa rana, ya sansana.

"Wannan ruwa ne," in ji shi. "An cuce ki."

Daga ranar motar ta shiga hannunsa. A iliminsa, mai na gaske shi ne wanda zai kama yatsa ya ja zare in ka raba su, irin wanda ya saba ɗura wa tirela. Ya ɗauki jarka ya tafi wajen wani abokinsa mai sayar da na duro, ya dawo da abu mai kauri ya ɗura mata. Filta kuwa, a cewarsa, masu kanti ne suka ƙirƙiro canza ta. Sai ya kwance tsohuwar, ya wanke da fetur, ya kafa baki ya hura, in iska ta fita ta ɗaya gefen ya mayar. Lokacin juye ba mita ke faɗa ba, ba wata ke faɗa ba, yatsa ke faɗa, shi kuma yatsan nan bai taɓa cewa lokaci ya yi ba. Sannan ga al'adarsa ta tsofaffin direbobi: duk sanda Yaya ta dawo sai ya ce ta sauka, ya shiga, ya taka totur har ƙasa motar ta yi kururuwa, ya murɗe makulli tana tsakiyar kukan. Wai don mai ya hau sama ya kwana a can.

Na ce masa, cikin wasan da ke tsakaninmu, ai wannan ba tirela ba ce.

"Auta, inji inji ne," ya ce. "Tun kina cikin tsumma nake kwana a ƙarƙashin mota."

Kwana a ƙarƙashin mota dai na yarda ya yi. Abin da ya koyo a can ne ban gani ba.

Na sami Yaya a kicin na zazzage mata abin da ke cikina. Ta ci gaba da yankan albasa ba ta ko ɗago ba. Ta ce in ƙyale shi, tun da ya sauka daga mota ba ta ga ya tashi da sassafe don wani abu ba sai yanzu, har wanka yake yi kafin ya buɗe bonet. Na gane abin da take nufi, ganewar kuma ta ƙara ƙona mini rai. Mace ta yi shekaru tana tattalin abu guda nata na kanta, ta samu, ta miƙa wa ƙato ya yi wasa da shi don kada ya yi ƙunci.

Watannin farko dai an sha daɗi. Duk mako Yaya na kan hanya, wani lokacin da ni. Inna kan sa a kafa mata kujera a ƙofa tun hantsi, kuma tana gane ƙarar motar tun daga kwana. Rannan har ta yarda aka ɗora ta a gaba aka zaga da ita, tana shafa kujera tana cewa ashe za ta ga 'yarta na tuƙi. Jininta ya daidaita, ƙafarta da ke kumbura ta saɓe.

Sai motar ta fara wata ƙara kamar fito. Ƙasa-ƙasa da farko, in an taka ta. Daga baya ta fara nauyi a hawa, tana barin ɗan hayaƙi shuɗi a baya. Mai Yatsa ya saurara da kunnen nan nasa mai daraja, ya ce inji ne ke buɗewa.

Ranar da ya tafi ganin likitan bayansa na tasa Yaya a gaba sai gareji. Bakaniken ya kwance notin juye mai, abin da ya fito bai zuba ba, ɗiga ya riƙa yi, baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya dubi filtar, ya dube mu. Ya wanke injin, ya sa sabuwar filta, ya zuba man da murfi ya ce. Ya gaya wa Yaya turbo ya jigata amma da sauran ransa, in an kiyaye zai iya kai ta shekaru. A hanyar dawowa motar ta yi sakayau, fiton ya ragu, Yaya har waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

Mun manta da yatsa. Washegari da safe ya zaro geji kamar kullum, ya murza, ya sake murzawa. Yaya ba ta iya ƙarya ba, ta gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Komawa benci ya yi ya zauna da fuskar wanda aka yi wa rasuwa, ya ce ashe ya zama hoto a gidansa, matarsa na kai mota wajen wani ƙato a waje alhali yana raye. Ya ƙi karyawa. Ya ƙi na rana. Ya ƙi shan maganin bayansa, yana dafe ƙugu yana nishi yadda za a ji daga ɗaki.

Da yamma na shigo gidan na tarar da ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin motar, yana kwance a kan kwali, bayan nan mai ciwo ya warke sarai. Sabon man, garau da shi kamar zuma, yana tsiyaya cikin tsohon baho. Da ya gama ya fito ya ɗauko jarkarsa. Yaya ce ta riƙe masa mazurari. Ta ga na tsaya, ta kau da kai.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce masa.

Man kirkin kuwa bai zubar ba, don shi ba almubazzari ba ne. Ya bi ƙofofin gidan yana ɗiga musu a hinji, ya ce ga iyakar amfaninsa nan.

Ba a daɗe ba maƙwabciyar Inna ta bugo waya da safe, ta ce Inna ta faɗi a banɗaki, ba ta iya tashi. Yaya ta suri jakar aikinta, na faɗa gefenta, muka kama hanya. Ranar ta taka motar yadda ba ta taɓa ba. A wani dogon hawa fiton ya koma ƙara mai tsinka kunne, wani abu ya yi ƙas a gaba, hayaƙi ya turnuƙe bayanmu har ba a ganin titi. Motar ta yi ta ja da ƙyar, Yaya ta gangara gefe ta kashe. Ta zauna riƙe da sitiyari, ba ta yi kuka ba. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita ta tsaya a bakin titi ta ɗaga hannu, kamar yadda ta yi shekara da shekaru.

Sai da rana ta karkata muka isa, a matse a bayan motar haya. Ƙugun Inna ya karye. Ta rayu, amma ba ta sake taka ƙasa ba.

Da aka jawo motar gareji, bakaniken ya ce turbo ya ƙone, gutsattsarinsa sun shiga inji sun gama da shi. Ya ciro bututun da ke kai wa turbo mai, ya nuna mana, a toshe da baƙin dasƙararren abu. Mai Yatsa ya matso, ya lakato, ya murza a gaban kowa, ya raba yatsunsa a hankali.

"Kun gani? Har yanzu da jikinsa," ya ce. "Mai bai yi laifi ba. Motocin zamani ne ba su da ƙwari."

Na duba fuskarsa ko zan ga ɗigon kunya. Alfahari na gani.

Sabon inji ya fi ƙarfin Yaya. Motar tana nan a rumfar gidan, kuma duk safiya yana wanke ta, ya goge gilashi, ya buɗe bonet ya zaro geji. Ya ma fi son ta haka, ba mai ɗauke masa ita. Inna kuwa, yanzu da ta fi bukatar a juya ta a wanke ta, Yaya ba ta iya zuwa sai wata-wata, don in ta yi tafiyar nan a matse sai ta yi kwanaki gwiwa ba ta miƙe ba. Maƙwabciyar ta ce har yau in mota ta karyo kwana Inna kan ɗaga kai daga filo ta saurara.

Makon jiya na raka Yaya bakin titi, tana dogara sanda, jakar aikin a kafaɗata. Mai Yatsa na benci. Wata motar haya ta tsaya, har Yaya ta kama ƙofa, sai ya ɗaga murya daga inda yake ya ce kada ta shiga wannan, bai ji daɗin ƙarar injinta ba, ta jira ta baya.

Yaya ta saki ƙofar.

"To, Malam," ta ce.