Malamar da Ba Ta Kayar da Takwarar 'Yarta

Ajin Malama Doguwa shi ne na ƙarshen baranda, wanda tagarsa ɗaya ba ta rufuwa. Ta tsufa a cikinsa. Ba ta duka, ba ta tsawa, alli ma a hankali take riƙe shi kamar zai ji ciwo. Kowa ya san tana da 'ya ɗaya da ta rasu tana aji biyar, amma ni ban taɓa sanin sunan yarinyar ba sai da Autata ta shiga ajin. Ashe sunansu ɗaya.

Auta kuwa, Allah na gani, karatu bai zauna mata ba. Sai ga ta ta ɗauko na ɗaya. Ni da rawar kai har gidan yayata na je ina fankama. Zango na biyu ma na ɗaya. Ranar da na miƙa wa Auta kwalbar maganin tari na ce ta karanta mini, ta tsaya tana juya ta, idonta ya ciko. Ko layin farko ba ta iya ba.

Washegari na bar keken ɗinkina na tafi makarantar a fusace. Yara sun fita hutun tara, Malama ita kaɗai a aji, takardun jarrabawa a gabanta. Ta Auta ce a sama. Ina tsaye ina kallo tana cike guraben da yarinyar ta bari, da fensir, da wani ɗan ƙaramin rubutu na yara mai karkata, wanda ba nata ba, ba kuma na Auta ba. Na tambaye ta me take yi.

Ko razana ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ta san amsar, Maman yara. Gajiya ce. Tun da ta kwanta ciwon nan hannunta ke saurin sanyi."

Auta ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Masifar da na ƙullo tun daga gida ta bi iska.

Hedimasta bai yi mamaki ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Wai ba Auta ce ta farko ba, duk mai sunan haka take yi mata, su kuma suna tausayinta ne. Tausayi! 'Yata fa? Na tsaya kai da fata sai da ya mayar da Auta wani ajin.

Can ta zo ta kusa da ƙarshe. Na ce ba komai, wannan dai naki ne, za mu fara daga baƙi. Ta daɗe tana kallon sunanta a saman takardar, sannan ta ce, "Mama, ki sake mini wani suna. Wannan na mai ƙoƙarin ne, Malama ta ce aro ta ba ni."